Jan Fenti a Kan Inji

Shekarar da Baba zai tafi aikin Hajji, a shekarar ne mai gidana ya sayi mota. Lokacin kuɗin man fetur sun buɗe, duk wanda ka gani a Kano yana cikin sayen wani abu. Masinjan ofis ya hau babur, mai babur ya koma mota, mai mota ya ƙara ta biyu. Ni ina koyarwa a makarantar 'yan mata, shi yana akawu a ofishin gwamnati, da aka yi wa ma'aikata ƙari sai muka haɗa ƙarfi ya sayo wata ta hannu a wurin wani bature da zai koma gida. Daga waje ba ta da makusa, fara ce, kujerunta ma ba su yage ba. Amma in ka ɗaga bonet sai ka yi salati. Injin ya yi baƙi ƙirin, inda babu daskararren mai akwai tsatsa.

Wani zai ce ina ruwan mutane da cikin mota. To a Fagge ta wancan zamani da ruwansu. In mutum ya yi mota ba a tsayawa a "Allah ya sanya alheri". Sai dattawan ƙofar gida sun taso, an zagaya ta, an taɓa taya da ƙafa, sannan wani ya ce, "To, buɗe mu ga cikinta." Mutanen da ba su san filogi ba balle aikinsa, sai ka ga sun sunkuya, hannu a baya, suna gyaɗa kai kamar masu duba marar lafiya. Abin da suka gani a nan shi za a yi ta maimaitawa a majalisa har wata ya mutu.

Baba tsohon magatakardan kotun alƙali ne, mutum mai tsada da magana. Bai taɓa gaya wa mai gidana baƙar magana ba, amma farar ma bai taɓa gaya masa ba. Ni na ce shi nake so, Baba ya ba shi, shi ke nan. In zai yi zancensa sai ya ce da ni, "Ya mutumin naki?" Mijin yayata kuwa dilan atamfa ne a Kantin Kwari, ya riga ya je Makka, motarsa sabuwa ce dal ko ledar kujera bai cire ba. Shi ake kira in za a yi shawara. Abin yana ci mini rai, ba na ɓoyewa. Don haka da aka fara maganar wanda zai kai Baba filin jirgi, kowa ya ɗauka Alhaji mijin yayata ne, ni kuma na tafi gidan Baba a Rijiyar Lemo na tsare Inna a ɗaki, na yi ta magiya har ta shigar da maganar. Amsar da ta fito gajeriya ce. Baba ya ce, "To, ya zo."

Tun daga ranar mai gidana ya daina barci mai kyau. Ya san ran tafiya duk dangi da abokan Baba za su hallara a ƙofar gida, ya kuma san sai an ce ya buɗe. Shi ya kawo shawarar a yi wa injin fenti, ni kuma na ce ai tuntuni ya kamata.

Wata Asabar muka shiga Sabon Gari. Shagon fentin na wasu mutanen kudu ne, Kiristoci, cikin waɗanda suka dawo bayan yaƙi suka sake kafa sana'a. Matar muka tarar, Hausa a bakinta kamar 'yar cikin gari.

"Oga, me za a shafa?" in ji ta.

Mai gidana ya ɗan sosa ƙeya. "Wani ƙarfe ne."

"Injin mota," na ce. Ya harare ni, don a ganinsa na tona wa motar asiri.

Ta leƙa ƙarƙashin kanta ta fito da ƙananan gwangwanaye biyu, da wani ɗan langa-langa da aka gwada launukan a kai. Ta ce, "Maigida ya tafi Ikko ɗauko kaya, shi ya san kansu. Amma ya ce waɗannan su ne na wurin zafi. Masu gyaran salansa su suke saye."

Ɗaya baƙi ne marar ƙyalli, ɗaya kuma ruwan toka. Na dubi baƙin na ga gindin tukunya, na dubi ɗayan na ga tokar murhu. A raina na ce wannan ai an gudu ba a tsira ba, mun zo rabuwa da baƙi a sake sayar mana da baƙi. Can a saman kanta kuwa ga wani babban gwangwani, an ɗiga launinsa a murfi, ja wur, yana ɗaukar ido.

"Wancan fa?" in ji mai gidana.

"Wancan na ƙofa da taga ne."

Ya juyo ya dube ni, na ga alamar wata dabara ta faɗo masa. Ya ce, "Tukunyar nan taki mai furanni, ba a kan wuta take wuni ba? Kin taɓa ganin fentinta ya narke?"

"Ko sau ɗaya," na ce. "Ita da ke kan harshen wuta ma, balle inji da ruwa ke zagaya shi."

Mu biyu muka tsaya muna jinjina wa hankalinmu. Ba mu san abin da ke jikin tukunya a masana'anta ake gasa shi har ya koma kamar gilashi ba, mu a wurinmu fenti fenti ne. Matar ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ku kuke da motarku," ta hau kujera ta sauko da jan.

Washegari a ƙofar gidanmu a Kwaciri ya tuɓe ya rage daga shi sai singileti. Ya wanke injin da kananzir, ya kankare tsatsa, ya ɗauki burushi. Bai bar ko'ina ba. Murfin sama, gefe da gefe, har waɗannan kaurarrun bututai da hayaƙi ke fita ta cikinsu, duk ya shafe, da ya sha iska ya ƙara shafe na biyu. Ni ina leƙowa daga zaure ina nuna masa inda ya tsallake. Da ya gama, wallahi ya yi kyau, ba zan yi wa aikin ƙarya ba. Daga nan ya ce ba mai tayar da motar sai ranar tafiyar Baba, kada datti ya hau. Ya lulluɓe ta da tsohon zanen gado, ya koma hawan kekensa zuwa ofis.

Ran tafiya muka isa Rijiyar Lemo da hantsi. Tafiyar ba ta da nisa, ɗan warin da na ji a hanya na ce na sabon fenti ne. Ƙofar gida ta cika. Ba a daɗe ba wani abokin Baba ya ce a buɗe, aka buɗe, dattawa suka sunkuya. "Masha Allahu! Kai, wannan ai ko a kamfani." Ina daga soro ina jiyo su, kaina ya yi girma har ɗankwali ya matse ni. Alhaji ne kaɗai ya sa ɗan yatsa ya taɓa, ya duba yatsan, ya goge da hankici.

Baba ya fito cikin farar babbar riga da rawani, ya shiga baya, ya yi addu'ar tafiya aka shafa. Na zauna kusa da shi riƙe da jakarsa da buta. Mu ne a gaba, Alhaji da yayata da sauran 'yan rakiya suna biye.

A shekarun nan motoci sun fi ƙarfin titunan Kano. Muna hawa hanyar da ta bi ta gefen Sabon Gari muka faɗa cunkoso, a matsa kaɗan a tsaya, rana kuma ta fara dukan bonet. Sai warin ya canja. Ya tashi daga na fenti ya koma na roba a wuta, mai shiga maƙogwaro ya zauna. Na san Baba ya ji, don ya ja gefen rawani ya rufe hanci. Na san mai gidana da ke tuƙi ma ya ji, don ina ganin gumi yana bin ƙeyarsa. Amma wa zai yi magana? Suruki ba ya juyowa ya ce wa surukinsa, "Bari in tsaya, motata ta samu matsala." Shi ma Baba ba zai buɗe baki ya ce wa mijin 'yarsa motarsa na wari ba. Ni da ya kamata in raba gardama, kunyar su biyun ta haɗu ta danne ni. Haka muka zauna mu uku, Baba na jan carbi, kowa na yin kamar turare ake yi mana.

Hayaƙi ya fara fitowa ta gefen bonet, siriri, sannan ya yi kauri. Wani kwandasta da ke maƙale a ƙofar bas ya kwarma ihu, "Wuta! Mota ta kama!"

Mutanen Kano ba su da ƙyashin taimako, wannan kam na shaida. A wancan lokacin duk inda ka juya gini ake yi, yashi a jibge a bakin titi. Kafin mai gidana ya ja birkin hannu leburori sun iso da shebur da kwanon sarki. Wani ya fizge bonet, hayaƙi ya turnuƙe, aka hau zuba yashi ba ƙaƙƙautawa. Wata mai abinci ta kawo ruwan wanke-wanke ta sheƙa. Wani ya tsinke wayar batir. Gilasanmu a buɗe suke saboda zafi, yashin da ya kuskure inji mu ya samu. Harshen wuta kuwa ko ɗaya babu, fentin ne kawai yake tafasa a jikin bututai.

Mai gidana yana tsakiyarsu, ya ɗaga hannuwa, yana ihu da muryar da ban taɓa jin ya yi ba. "Ku bari! Ba wuta ba ce! Fenti ne, fentin ƙofa ne na shafa!"

Aka tsaya cak. Sannan wani ya ce, "Fentin ƙofa? A inji?" Dariya ta ɓarke tun daga bakin titi har cikin bas. Duk wannan a kunnen Baba. Na leƙa ta gilashin gaba na hango injin, yashi ya manne wa narkakken ja, ya zama kamar tsire da aka mulmula a ƙuli. Garin gyaran gira mun rasa ido. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ba tare da na yi wa kowa sallama ba.

Aka yi ta murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba. Sai ga Alhaji ya ratso mutane, ya buɗe ƙofar ɓangaren Baba, ya rusuna. "Baba, bismilla, a dawo tawa. Lokaci na tafiya."

Na riga na ɗauki jaka zan fita. Baba ko motsi bai yi ba. Ya kakkaɓe yashin da ke cinyarsa a hankali, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Alhaji. Amma a cikin wannan na yi addu'ar tafiya, a cikinta zan sauka. In da igiya a nemo."

Ba a musu da Baba. Wani direban babbar mota ya ba da aron igiya, aka ɗaura mu a bayan sabuwar motar Alhaji. Haka muka kama hanyar filin jirgi, a hankali kamar masu rakiyar gawa, mai gidana riƙe da sitiyarin motar da ba ta da rai, yashi a gashin girarsa. Masu babur na wucewa suna nuna mu, na bayanmu sun cika titi da hon. Na ja mayafi na rufe fuskata ruf. A ƙarƙashin mayafin haushin Baba nake ji. Na ɗauka horo ne, so yake duk Kano ta ga irin mijin da na zaɓa.

Filin jirgi ya cika da maniyyata da 'yan rakiya, cikinsu har da abokan aikin Baba na da waɗanda suka riga mu isowa. Suna ganin an jawo mu da igiya suka yo kanmu. Baba ya sauko, farar rigarsa ta koma ruwan ƙasa. Wani tsoho a cikinsu ya riƙe haɓa. "Subhanallahi! Malam, yaya haka? Wa ya yi maka wannan aiki?"

Mai gidana na tsaye a jikin ƙofa, kansa a ƙasa, yana jiran hukunci. Baba ya waiwaya ya dube shi sosai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce wa tsohon, "Lafiya lau muka zo. Ɗana ne ya kawo ni. Kwalliya ya yi wa motar saboda ni, ta yi yawa."

Mai gidana ya zube a gabansa. Baba ya ɗora masa hannu a ka, ya daɗe yana addu'ar da ba na jin kalmominta.

Tun ranar da aka ɗaura mana aure nake jiran wannan kalma daga bakin Baba, na sha tsara yadda zan ɗaga kai in dubi dangi in ta fito. Ga shi ta fito ina ƙudundune a bayan matacciyar mota, yashi a haƙorana, ina jin kunyar fentin, ina jin wadda ta fi ta, ta zaton da na yi wa mahaifina a hanya. Sai da yayata ta zo ta finciko ni, ta ce in kukan zan yi in fito in yi shi a gaban Baba, an fara kiran maniyyata.