Dattawa Ukun da Suka Je Rumfar Faci

Na manta abubuwa da yawa da gangan, amma ranar da dattawa uku suka tsaya gaban alƙali a kaina, ita kam ba za ta fita daga raina ba.

A guje na zo Gombe, shekarun da aka ƙone garinmu. Abin da na gani a can ba zan faɗa ba. Na iso da matata da 'ya'ya biyu cikin biyar. Muka sami ɗaki a Bagadaza, na kafa rumfar faci a Jekadafari, jikin shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran keke.

Na zo da lalura ɗaya. In abu ya yi ƙara, jikina ba ya shawara da ni, sai dai in tsinci kaina kwance a ƙasa. Wani direban keke mai ƙafa uku ya gano haka, ya mai da ni abin wasa. Sai ya hura tsohon tib na taya ya fasa a bayana, abokansa su yi ta dariya. "Baba, tashi, ai sun tafi!" Haka yake ce mini.

Wata Laraba da hantsi ina cire taya ya sake yi. Wannan karon ban kwanta ba. Na juyo da ƙarfen da ke hannuna. Aka kai shi asibiti da karyayyen hannu da fasasshen kai, ni kuma 'yan sanda suka tafi da ni.

A kotu mai gabatar da ƙara ya ce na daɗe da shi a rai, na tanadi ƙarfen ne dominsa. Ya ƙara da cewa irinmu da muka fito daga can, ba wanda ya san abin da muka zo da shi. A lokacin wannan maganar kaɗai ta isa ta binne mutum.

Alƙali ya ce, "Ka buge shi?"

Na ce, "Na buge shi."

"Me ya sa?"

Na ƙi faɗa. Mutum da furfurarsa ya ce ƙarar tib ke kwantar da shi? Na gwammace gidan yari. Wauta ce, yanzu na sani. Ɗaurin shekaru ake magana, ga matata ba ta san kowa a Gombe ba.

Akwai dattawa uku da alƙalin kan zauna da su yana jin ra'ayinsu: wani liman, wani mai unguwa, da wani tsohon ma'aikacin gwamnati. Alƙalin ya ce laifi ya tabbata, amma ba zai yanke hukunci ba sai sun je sun gano yadda aka yi.

Daga baya na ji yadda zuwan nasu ya kasance. Direbobi duk suka ce ba su san komai ba. Sai Ibon nan ya fito daga shago. "Alhaji, gobe zan shiga coci, ba zan yi muku ƙarya ba. Sau nawa na hana su!" Ya zaga baya ya kwaso fasassun tib ya zube a gabansu. Tsohon ma'aikacin kuma ya sa wani mai faci ya cire taya a kan idonsu, don ya ga inda ƙarfen yake zama.

Ranar da aka koma kotu, tsohon ma'aikacin ne ya yi magana. "Allah ya gafarta Malam, ƙarfen na aikinsa ne, a hannunsa yake. Tsokanar ta fi wata uku. Bugun farko bai ma ga wanda ya buga ba."

Na sauke numfashi. Ashe bai gama ba.

"Amma ya ƙara na biyu bayan direban ya faɗi. A nan kam ya ga fuskarsa."

Alƙali ya dube ni. "Haka ne?"

Na ce, "Haka ne." Gaskiya ce. Na biyun nan, ina sane.

Ya ce, "Da a kan maganar mai gabatar da ƙara zan tsaya, da ka yi shekaru. Na farko ba zan hukunta ka a kansa ba. Na biyu naka ne." Ya ba ni wata shida, har da wanda na riga na yi a tsare. Direban ma ya sha faɗa, kansa a ƙasa.

Na yi zamana na fito. Na tarar Ibon ya adana mini injin iskata, matarsa kuma ba ta bar iyalina da yunwa ba.

A gidan yari na daɗe ina jin haushin tsohon nan. Me zai rage shi da ya yi shiru a kan bugu na biyu? Sai da na natsu na gane. Da ya ɓoye wannan, da alƙali bai da dalilin yarda da sauran. Kullum ina sa su ukun a addu'a, shi na fi sawa. Wanda zai cece ka ba mai rufa maka laifi ba ne. Wanda ya taka ƙafa ya je ya gano gaskiyarka ne, ya faɗe ta duka, har da wadda ba ka so.