Turken Majo da Ruwan da Aka Ɗaure

Ina iya rikita sunayen jikokina, amma ban taɓa rikita ranar da kumandan ya zo likitarmu, wato ɗan asibitin garinmu, binciken kwalaben Majo Ishaya ba. Waɗanda ke cikin ɗakin ran nan ga su: Majo Ishaya da kansa, kumandan, wato wani laftanan soja da ke riƙe da ƙasar Mayahi, ajidan jandarma da ya rako shi, Liman Malam Sule, Sarkin Noma Ɗan Tani, wanda ya kai ƙara, sai ni Dije, mai shara da wanki. Sauran mutanen gari suna bayan danga suna leƙe.

Shekarar fari ce, soja ke mulki. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone, kowa ya tashi da safe sai ya dubi gabas kafin ya dubi iyalinsa. Ku da kuka shigo aiki bayanmu ba ku san yadda likitar ƙauye take lokacin ba. Majo shi ne babban malamin jinya, shi ke duba mai ciwo, shi ke allura, shi ke ɗinki. Ba wani likita bisa gare shi sai a Tasawa ko Maradi. In aka ɗauke shi, sai a sa kwaɗo a ƙofa, mai ciwo ya yini bisa amalanke kafin ya ga wani. Ni kuwa nawa share ɗakuna, dafa allurai, wanke almakashi da tsummoki. Muna da ƙaramin injin kuran, wato lantarki, da ake tadawa bayan azahar don tukunyar dafa kayan aiki.

Majo Kirista ne, mutumin kirki, iyalinsa na Maradi saboda lakwal, wato makarantar yara. Ba ya shan taba, ba ya yawo. Aibinsa ɗaya, hannunsa ba ya zama. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar mishi matacciyar rediyo, irin mai girman akwatin amarya. Ya farke ta, ya ciro wasu ƴan kwalabe masu zare a ciki, ya dasa su bisa tsohon kwanon dafa allura da ya huje. Wata da watanni, da an sallami masu ciwo, sai ya zauna da dalma da wayoyi, ɗaki ya cika da ƙauri, ni ke share ɓarɓashin. In ya haɗa abin da kuran, kwalaben su yi ja kamar garwashi. Gefe ɗaya ya haɗa da garmahonsa mai juya faifai, gefe ɗaya da wani abu mai kunnuwa biyu da ake kifawa a kai, shi yana ce mishi kaski.

Na tambaye shi mi abin ke yi. Ya ce yana ƙara wa sautin faifai ƙarfi da daɗi, ya kai shi kunnen mutum. Na ce mutum nawa? Ya ce ɗaya. Na ce to rediyon da ya farke tana yi wa unguwa guda magana, shi ya ɓata watanni ya maida ta mai rowa. Ya yi dariya ya ce, "Inna Dije, ba ki san daɗin abin ba." Na ce ban sani ba, kuma ya ɗaga ƙafa in share.

Abin yana da ciwo biyu. Na farko wani ruri ne, kamar sa a cikin rijiya. Majo ya ce maganinsa a ja waya daga kwanon a ɗaure ta ga ƙarfe, a kafa ƙarfen a ƙasa, ƙasa ta shanye rurin. Ya kafa bayan taga. Amma ƙasa ta bushe, ba ta shan komi, sai in da danshi. Shi ne ya roƙe ni in riƙa zuba wa ƙarfen ruwa kowace safiya. Na ce a shekarar da mata ke faɗa a bakin rijiya ba ni ba ƙarfe ruwa. Muka shirya a kan ruwan ɗaurayar tsummoki, wanda ko akuya ba ta sha. Ruri ya kwanta. Har wata yakuwa ta tsiro a gindin ƙarfen, ita kaɗai ce kore a duk filin likita.

Ciwo na biyu shi ne wani shuuu da ba ya tsayawa, ko da faifai ko babu. Wannan ya gagari Majo. Ya canza waya, ya sake liƙi, ya daina cin abincin rana a kansa. In ka yi mishi maganar shuuu ɗin, kamar ka zagi mahaifinsa.

Ana haka Sarkin Noma ya zo a cire mishi ƙaya a ƙafa. Da aka gama, Majo, don son a yaba aikinsa, ya kifa mishi kaski, ya juya neman faifai. Kafin ya samo, Sarkin Noma ya riga ya ji abin da ya ji. Ya cire a hankali, ya dubi kwalaben, ya yi godiya, ya fita. Washegari ya biyo ta bayan likita ya iske ni tsugune ina shayar da ƙarfe, ga waya ta shiga taga, ga yakuwa shar. Ya gaishe ni da ladabin da bai saba ba.

Kun san a ƙasarmu in ruwa ya ƙi, ana cewa wani ya ɗaure shi, galibi mai hatsi a rumbu da ke son tsada. To kafin ranar kasuwa magana ta gama gari: ruwan bana yana cikin kwalaben Majo, Sarkin Noma ya ji shi da kunnensa yana zuba, ga turken da aka ɗaure shi, Dije ke ba shi abinci. Mata suka daina kawo yara, alhali ƙyanda ta shigo ƙauyukan yamma, ga allurar rigakafi a ajiye ba mai karɓa. Da maganar ta kai Mayahi kuma ta canza riga, ta zama Majo na magana da wata ƙasa ta waya. Lokacin soja wannan ba abin dariya ba ne. Mota ke zuwa, a sa mutum a baya, a rufe wurin aikinsa. Duk wanda ke ɗakin ran nan ya san motar da ke ƙofa tana iya komawa da mutum ɗaya fiye da waɗanda ta kawo.

Ƙa'idar bincike ita ce mai ƙara ya fara, wanda ake ƙara ya amsa, sannan a duba kaya. Sarkin Noma ya faɗi nasa, bai ƙara ba bai rage ba. Majo ya amsa cewa abin sauraren faifai ne kawai. Aka tada inji, kwalabe suka yi ja. Ajida ya fara. Ya zagaya kwanon yana neman inda ake sa baki, bai samu ba, sai ya duƙa ya yi wa kwalba ɗaya "alo, alo", har ta ƙona mishi leɓe. Ya sa kaski, ya ce shi dai yana jin kamar ana raɗa da wani harshe, amma nesa. Liman, wanda abokin darar Majo ne, ya ce ruwa a hannun Allah yake, ba mai sa shi a kwalba. Aka kifa mishi bisa rawani. Ya saurara, sannan ya ce maganarsa tana nan, amma gaskiya abin ya yi kama, irin na tsakiyar damina bisa rufin kwano.

Nan Majo ya ɓata komi. Da ya yi shiru da ya fi. Sai ya miƙe, ransa a ɓace, ba don ƙarar ba, don ana yaba shuuu. Ya ce wannan ba ruwa ba ne, aibi ne, shi ne abin da ya fi ƙi a duk aikin, kuma ya aika Maradi a kawo mishi wani ɗan ƙarfe, da ya iso zai kashe shi gaba ɗaya, ko ɗigo ba za a ƙara ji ba.

Sarkin Noma ya juya wurin kumandan ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Ɗaurewar ba ta ishe shi ba."

Magana ta fita taga, bayan danga ya ɗauki guna-guni. Na dubi Majo irin kallon da nake yi wa yaro in ya taka inda na share, ya zauna.

Kumandan ya cire hularsa ya sa kaski. Yaro ne, bai kai ɗana na fari ba, an ce mutumin kudu ne can bakin kogi. Ya rufe ido ya daɗe, har ajida ya fara gyaran murya. Da ya cire sai ya tambayi wace ce mai shayar da turken. Na ce ni ce. Ya ce da wane ruwa? Na ce na ɗaurayar tsummokin miki, in akwai mai so ya kawo ƙwarya. Ya ce in sa in faɗi abin da na ji. Na ce ba ni cire kallabi gaban maza. Aka kifa mini bisa kallabin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, man ƙosai ne a wuta, kuma mai suyar ta tafi hira."

Kumandan ya dubi ƙasa, kafaɗarsa na motsi. Sannan ya ce tunda an ce ruwa a ɗaure yake, a tuge turken kowa ya huta. Majo ya ce in aka tuge ruri zai dawo, kuma ya buɗe ƙarfin abin har ƙarshe don baƙi su ji da kyau. Ba wanda ya saurare shi. Sarkin Noma ya ce shi zai sa kaski, don ya shaida fitar ruwan da kunnensa. Ya zauna bisa benci ya gyara riga. Ajida ya fita bayan taga, ya kama ƙarfe, ya tuge har da yakuwata.

Ni da ke tsaye nesa sai da na ji rurin. Sarkin Noma ya wuntsila bayan benci, ƙafafu sama, kaski a wuya, yana cewa tsawa ce, a maida, a maida, in ruwan ya fito haka gaba ɗaya ba gidan da zai tsaya a garin nan. Bayan danga aka watse. Mata suka ruga kwashe shanya, wani na jan akuya, wani na kifa tabarma a kai. Sama kuwa fes, ko gajimare na rantsuwa babu. Ajida, ba wanda ya umurce shi, ya maida ƙarfen ramin ya danna da takalmi.

Da aka tattaro mutane, kumandan ya tsaya a ƙofar likita ya yanke hukunci. Ya ce abin ba shi da baki, don haka ba ya magana da kowace ƙasa. Maganar ruwa kuwa, daga yau kwalabe da turke suna hannun gwamnati, sakinsa sai da izini daga sama, a hankali, yadda ba zai yi ɓarna ba. Wanda ya taɓa turken ya taɓa gwamnati. Lokacin ba a tambayar gwamnati yaushe, don haka kowa ya ce madalla. Liman ya ce shi dai daga saman da ya sani yake jira, ya sa ranar roƙon ruwa. Majo zai zauna a aikinsa, amma an hana shi gyara shuuu, ɗan ƙarfen Maradi in ya iso a kai Mayahi. Ni kuma aka ce in ci gaba da shayarwa, yanzu da sunan hukuma.

Na ga mutanen da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa cikin hamada ba su yi baƙin cikin da Majo ya yi ba. Ya ce da sun ɗaure shi da ya fi, a bar mutum da aibi a aikinsa kuma a sa mishi doka. Kafin kumandan ya shiga mota, ya dawo ɗakin shi kaɗai, ina goge benci. Ya ce Majo ya ƙara kifa mishi. Majo ya yi murna ya ɗauko faifansa mafi kyau. Kumandan ya ce, "A'a, Majo. Bar faifan."

Ruwa bai wadata ba shekarar nan, ba sai na faɗa muku ba. Amma likita ba ta rufe ba. Abin da na riƙe daga ranar shi ne, a aikinmu ba ya isa a ce kana da magani a kabad, sai mutane sun yarda su tako ƙofarka, kuma dalilin da ke kawo su ba kullum ne naka ba. Ma'aikaci kuma ya san bakinsa, don Majo ya fi kusa da bayan mota lokacin da yake faɗin gaskiya a kan ɗan ƙarfensa.

Washegari na zo da sassafe na iske goro da ɗan gero a gindin turken, ga mata sun yi layi har bakin danga, kowace na son ta ji ruwan gwamnati. Na ba kajin Majo geron, na sa goron a bakin zanena, na maida yakuwata na danna mata ƙasa, na zuba ruwan tsummoki. Sannan na jawo benci na tare ƙofa. Na ce ba a tada inji sai bayan azahar, kuma ba mai sa kaski sai wadda aka yi wa ɗanta allurar ƙyanda. Wata ta ce wa ya sa wannan doka? Na nuna mata turken, na ce ta je ta tambaye shi. Ta kwance goyonta.