Shafin 641

Mijina, Baban Tunrayo, ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi a Ogbomoso. Da ya yi ritaya na ce to, yanzu na sami miji. Ashe lamba ce ta same shi: 4,294,967,297. Har ni mai ƙosai na haddace ta don takaici.

Wai ita lambar nan ba ta rabuwa daidai da kowace lamba, sai ɗaya da ita kanta, kuma shi zai tabbatar da hannunsa. Ya fara raba ta da biyu, da uku, da biyar, da bakwai, kullum sai saura ya fito. Ya ce in ya wuce dubu sittin da biyar ba ta rabu ba, magana ta ƙare. 'Yarmu Tunrayo ta ce waya za ta yi aikin kafin a kifta ido, ya ce shi ba ya karɓar shaidar abin da ake yi wa caji.

Shekara tara ke nan. Amala ta huce a gabansa ba adadi, bikin sunan jikarsa ma da littafi a cinya ya zauna. Ga ido yana ta mutuwa. Likita ya ce ya huta, ya ce saura kaɗan, so yake ya gama kafin ganin ya tafi.

Tsofaffin littattafan da ya gama lissafi a ciki sun cika ƙarƙashin gado, ni kuwa na fara yagar su ina naɗe ƙosai. Me kuma zan yi da su?

Wata ranar Talata sai ga Oyinlola tela, tsohuwar ɗalibarsa wadda ya sha zane wa hannu, riƙe da takardar da na naɗe mata ƙosai jiya, duk mai.

"Baba Tisa, barka da hutawa," ta ce, yadda ɗalibansa ke kiran malamin nasu, ta durƙusa. "Shafin da kuka raba lambar da 641 ne. A layi na uku kun ari ɗaya ba ku mayar ba. Na sake yi sau biyu, ta rabu daidai, babu saura."

"Ke? Ke da kike kuka in an ce bakwai sau takwas?"

"Ni ɗin, Baba. Bulalarku ce ta yi aiki."

Shafin nan a watansa na farko ya rubuta shi. Na so in yi masifa, na ma buɗe baki. Sai na ga ya kai takardar har hancinsa, ya matsa bakin ƙofa wajen haske, ya juya ta sama da ƙasa. Tausayi ya kama ni, haushin bai tafi ba.

Ya miƙo mini ita.

"Iya Tunrayo, karanta mini. Ba na ganin rubutuna."