Randar Baba Habu da Ƙwan Kifin Zebra

Har gobe ban taɓa mantawa da wata Talata cikin bazara ba, wata na huɗu da fara aiki a ɗakin gwajinmu na Hadejia. Ni ba digiri gare ni ba, a waya na koyi yawancin abin. Aikina kula da kifin zebra, wani ɗan mitsitsin kifi mai zane-zane, ƙwansa garau kamar gilashi. Kwana ɗaya da 'yan awoyi da zuba ƙwan, in ka sa shi a madubin ƙara girma, da idonka za ka ga ƙwayoyin jinin farko sun fara zagayawa. Abin da shugabarmu Dakta Hauwa ke bincike ke nan, yadda jini ke samuwa tun daga tushe.

Sharaɗin shi ne ruwan ya tsaya wajen digiri ashirin da takwas. Ya wuce talatin da uku, ƙwai ya fara lalacewa.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya. Ƙwan nan kuwa na irin da Dakta ta yi wata shida tana haɗawa ne, iyayen sun kusa daina zubawa. Ma'aunin zafi ya nuna talatin da ɗaya. Na kira ta, tana hanya daga Malam Madori.

"Ranki ya daɗe, in sayo ƙanƙara?"

"Kar ka soma, Sani. Sanyin farat ɗaya ma illa zai yi musu. Nemi wata dabara, ga ni nan."

Talatin da biyu. Ina ta share gumi. Sai Baba Habu mai gadi, tsohon masunci daga Guri, ya leƙo.

"Duk gumin nan a kan kifin da ko miya ba zai yi ba? Ɗauko su, ɗan nan."

Randarsa ya kai ni, gindin darbejiya, naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Na tsoma ma'auni: ashirin da bakwai. Muka jera 'yan kwanukan ƙwan a faranti, muka ɗora bisa ruwan. Ya zauna a kan murfin kamar mai gadin banki, ya hana kowa sha.

Da la'asar wuta ta dawo. Dakta ta iso, ta duba ƙwan a madubi, sannan ta ce, "Kira Baba."

Ya kanne ido ɗaya ya leƙa.

"Tun ina yaro nake feɗe kifi, ban taɓa ganin jini yana tafiya da ƙafarsa ba."

Ranar na gane zafin ruwan muke tsarewa, ba na'urar ba, kuma wanda ya san ruwa bai zama dole ya sa farar riga ba. Shi ya sa ku sababbin ma'aikata kuke ganin randa biyu a ƙofar ɗakin gwajin nan. Ku cika su kafin ku kunna komai.