Yatsa na Shida

Wutar da na fi tunawa a gidanmu na Haɗeja ita ce ta ruwan jego. Zamanin Turawa ne, ina 'yar shekara takwas, Inna ta haifi ƙanena da yatsa shida a hannun hagu. In an sauke ruwan wankan yamma, kakarmu ta wajen uba, Iya Hajjo, takan zauna gaban garwashin da ya rage, mu jikoki mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai tsokana, ba ta fara tatsuniya sai ta kushe hancin kowa.

Amma wannan haihuwa ba ta zo mana da daɗi ba. Baba ya yi watanni a aikin hanyar da aka kwashi maza, kuma a bakin kogi akwai wani mai fito da ake kira Cindo saboda yatsunsa shida, shi ke ƙetarar da Inna in za ta ganin gida. Masu baki suka haɗa wannan da wancan. Ana jibi suna Baba ya ce ba zai yanka rago ba, ya kuma ce Inna ta tattara kayanta ta tafi da safe. Na ga ƙullin kayan a bakin ƙofa, tsoro ya hana ni cin tuwo.

Iya ta san gaskiyar magana, sai dai Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, tun yana jariri ma wata gwaggonsa ce ta raine shi. Ta yaya za ta zaunar da shi ta yi masa zancen haihuwa?

Ran nan ba ta tsokani kowa ba. Ta juya kujerarta wajen ɗakin Baba, inda yake zaune a bakin ƙofa yana gyaran taru, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Ta ce an yi wani rago a fadama, yana ƙarami makiyayi ya ƙone masa tushen ƙaho, ya girma yana zaton haka Allah ya yi shi. Da tunkiyarsa ta haihu, ɗan ya fara tsiro da ƙaho, sai ragon ya ce ba nasa ba ne, ya kora su daji lokacin da ruwa ya cika ko'ina, kuraye suka taru a tudu ɗaya. Da gari ya waye sai fata aka tarar. Don baƙin ciki ya kai wa kuka karo, nan ya ji zafi a wuri biyu a kansa, ya shafa ya ji tushen.

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Na lura hannun Baba ya tsaya da ɗinki. Sai ta miƙo hannunta na hagu kan hasken wuta, ta ce da ni, "Ke mai idon mujiya, taɓa nan." A gefen ƙaramin yatsanta akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar dawa.

"Nawa yatsan na shida da zare aka ɗaure shi ya faɗi," in ji ta, idonta a kan garwashi. "Ubana ma haka. Na haifi biyar, uku ba su zo da shi ba. Na farkon, ni na riƙe hannun da aka ɗaure."

Baba ya ajiye taru, ya kai hannunsa kusa da fitila. Ashe abin da ya ɗauka kantar igiya ce tun yana yaro, tabon yatsa ne. Ya daɗe yana murza wurin, sannan ya tashi ya ɗauki ƙullin kayan Inna ya mayar ɗaki da kansa. Ni kuwa kuka na fashe da shi, Iya ta ce in rufe mata baki.

Na girma kafin na gane cewa irin wannan abu jini ne ke ɗauke da shi. Yakan fito a ɗa ɗaya ya tsallake ɗan'uwansa, kamar yadda ya tsallake ni, kuma zare ba ya hana shi komawa ga na baya. Abin da ya kusa raba iyayena shi ne an ɓoye shi, kowa ya manta.

Inna ta riga ni gane haka. Ranar suna ungozoma ta zo da zarenta, Inna ta janye hannun jaririn ta cusa cikin zane. Ta ce a bar masa abinsa, kada wata rana shi ma ya kori 'yar mutane. Baba yana tsakar gida yana ji. Shekara talatin Baba yana cin tuwo kwano ɗaya da mai wannan hannu, kuma ban taɓa ganin ya iya ɗaga kai ya dubi Inna ba in yaron ya miƙo shi.