Makullin ƙofar ruwa ya faɗo hannuna

Jiya Laraba bayan la'asar, masu noman albasa munka taru a Wurno, don ruwan magudanarmu ba ya kaiwa gonakin ƙarshe. Da ɗaga hannu anka yanke cewa makullin ƙofar ruwa zai bar ofishin hukumar ban ruwa, ya zauna wurin mai gonar ƙarshe.

Gonar ƙarshe tamu ce, Baba kuma yana kwance.

Na ce wa Kawu Bello, mai gonar farko, “Kawu, kwanan nan na gama makaranta.”

Ya ce, “To mi? Makulli ba ya da nauyi.”

Har yanzu ban san ko ofis ya yarda ba, ban san wa zai iya tsige ni ba, kuma ban san yadda mutum ke rufe wa kawunsa ruwa ba. Wanda ya taɓa yi, ya taimaka mini kafin Asabar, ranar rabon ruwa.