Odar kamiyon da ta koma ƙofar ƙanwata

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni matar direban kamiyo ce a wata unguwa ta Tasawa, kuma in faɗi gaskiya, na fi mai tuƙin ji da motar. Maigidana yana jan babbar motar wani ɗan kasuwa, yana kwaso wake da gero daga kasuwannin ƙauye, wani lokaci shanu daga wajen Issawane, ya kai Maradi ko bakin iyaka. Direbobinmu suna da wata al'ada: kowa da yadda yake danna odar motarsa in ya shigo gari, don iyalinsa su san ya iso. Ta maigidana doguwa ce guda, sai gajeru a jere kamar mai tsokana. Da na ji ta sai in ɗora ruwan wanka, in sake ɗaurin kallabi, yara su kwasa a guje zuwa bakin titi. Maƙwabta su leƙo ta katanga su ce mini mutumin ya shigo, ni kuma in amsa a yangance kamar ban ji ba, alhali tun hantsi kunnena yana mashigar gari. Ni ce mai raba tsaraba a layinmu. Albasa, dabino, sabulu, taliya, duk daga hannuna suke fita, kuma ina son a gan ni ina rabawa.

Maigidana yana da aparanti, wato wanda yake koya wa tuƙi, maraya ne mai ladabi, a hannunsa ya zama mutum har ya samu permi nasa, wato lasin tuƙi. Ni da kaina na haɗa aurensa da ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda na riƙe tun tana ƙarama. Ni na nema musu ɗaki a bayan layinmu, kuma zannuwan da na gaji da su nake tura mata tana godiya. Ina son ta, Allah ya sani. Amma sai daga baya na gane irin son da nake yi mata yana da sharaɗi, wato ta tsaya a ƙasa da ni.

Wata bazara maigida ya yi fama da zazzaɓi mai zafi, bai kwanta ba, ya ci gaba da tafiye-tafiye ba barcin kirki. Ana cikin yin lodi a tasha sai ya yanke jiki ya faɗi, yana karkarwa, kumfa na fita a bakinsa. Mutane suka ja baya suna cewa iska ce, wasu suna hana a taɓa shi wai yawun yana ɗauka. Mijin ƙanwata ne ya tallafe kansa har ya farfaɗo, ya kai shi asibiti. Likita ya ce mana ba iska ba ce, kuma ba a ɗaukar ciwon nan ta yawu. Ya ce mai yiwuwa zazzaɓin ne da rashin barci, mai yiwuwa kuma farkon farfaɗiya ce, ba a yanke hukunci da faɗuwa ɗaya. Sai dai dokar manyan motoci ta fi ta ƙanana tsanani. Ba zai sa hannu a takardar vizit ba, wato shaidar lafiyar da ake nema kafin a sabunta permin babbar mota, sai an daɗe ƙwarai abin bai dawo ba. In kuwa ya dawo, to maigida ya haƙura da kamiyo, domin mai ɗauke da kaya da rayuka ba shi da damar ɓatan hankali ko na ƙiftawar ido. Daga nan ya juyo gare ni. Ya ce mai wannan ciwo ba ya sanin abin da ya same shi, waɗanda suke zaune da shi su ne idon likita. Ya ce ba kullum ake faɗuwa ba. In na ga ya ƙame yana kallon wuri ɗaya, yana tauna baki, yana lalubar rigarsa, na kira bai amsa ba, to shi ne, in zo in faɗa. Na ce to.

Mai motar ya miƙa makulli ga mijin ƙanwata, kuma abin da ya dace ke nan. Bawan Allah ya zo har gida ya durƙusa gaban maigida yana neman albarka. Ya ce ba zai sauya odar ba, don ƴan kasuwa sun saba da ita, kuma shi ma da ita ya tashi. Maigida ya ji daɗi. Ni ma na yi murmushi, ban san me na amince da shi ba. Ranar farko da odar ta yi kuka a mashigar gari, har na ɗauki bokiti kafin na tuna mai gidan yana nan zaune a kan tabarma ƙarƙashin dogon-yaro. Yaran unguwa suka wuce ƙofarmu a guje, har da nawa. Da yamma ƙanwata ta shigo da faranti a rufe, ta durƙusa, ta kira ni Yaya kamar kullum, ta ajiye. Na buɗe na ce albasar bana ƙanana ce. Ta yi dariya ta ce gobe za ta sa ya zaɓo mini manya. Da ta yi fushi da na samu sauƙi.

Daga ranar ƙyashi ya shiga ni, kuma ban yi ƙoƙarin korarsa ba. Katangar ƙanwata mata suke leƙawa yanzu. A gidan suna ita ake fara yi wa shimfiɗa. Ta sayi firiji tana sayar da ƙanƙara, ta ɗinka atamfar da na daɗe ina gani a kanti ina cewa sai na gaba. Kowane zanin da ta ɗaura sai na ji kamar daga akwatina aka zare shi. Taliyar da take kawo mini ina barin ta a saman rumbu har ƙwari su shiga, don kada in ci in ji daɗi. Shi kuwa maigida ya samu aikin tsara lodi a tasha, yana dawowa da ƙura a ka yana hamdala, yana ma yabon tuƙin yaron nasa. Wannan haƙurin nasa ya fi komai ƙona mini rai. Na riƙa ce masa an ci amanarsa, an zauna a kujerarsa ana yi masa dariya. Shi kuma ya ce in ji tsoron Allah, yaron nan bai taɓa shigowa gari bai fara gaishe shi ba.

Wata safiya bayan damina yana shan kunu, ina shara a gefe, sai na ga ludayin ya tsaya a hanya. Idonsa yana kan bango, bakinsa yana motsi kamar mai taunar goro, hannunsa yana tsintar gaban rigarsa. Kunun ya zube a ƙafarsa. Na kira shi, na sake kira, shiru. Can ya dawo, ya dubi ƙafar ya tambaye ni me ya faru. Na ce kaza ce ta ture kwanon. Ba tunani na yi ba, maganar ta fito da kanta, kamar ta daɗe tana jira a bakina. Na san abin da na gani, don likita ya zana mini shi tiryan-tiryan. Ya sake yi lokacin girbi muna cikin hira, ya kuma yi wata rana yana alwala. Kowane lokaci sai in ce wa raina ai bai faɗi ba, tunani ne kawai, namijin da aka raba da sana'arsa dole ya yi zurfin tunani, da ya koma mota zai ware. Gaskiyar ita ce ina son odar nan ta dawo ƙofata, kuma na san kalma ɗaya daga bakina za ta bar wa ƙanwata ita har abada.

Da lokacin komawa vizit ya yi, aka tura mu Maradi aka yi masa wani awo na kai, bai nuna komai ba. Likitanmu ya ce awon ba kullum yake kama ciwon ba, shi ya sa shaidata ta fi na'ura nauyi. Ya tambayi maigida, maigida ya rantse a kan iya abin da ya sani, cewa tun faɗuwar tasha bai sake jin komai ba. Sai ya tambaye ni. Ya sake jero mini alamomin a hankali, ya ce in natsu in tuna, ba a gaggawa. Na dubi ƙasa na ce ban taɓa gani ba. Ya ce to, shi hannu kawai zai sa, amma maganata ce za ta hau motar. Ya sa hannu.

Na zaci ranar zan ga fuskar ƙanwata ta canza. Sai ga ta da tukunyar shinkafa tana guɗa a ƙofar gida, tana cewa Allah ya mayar wa mai abu abinsa. Mijinta ya miƙa makulli da hannu biyu, ya koma kujerar gefe ba ko ƙorafi, don mai motar ya ce su riƙa tafiya tare. Oda ta dawo ƙofata. Na ɗaura sabon zani, na cika babban faranti da tsaraba, na sa aka bi ta tsakiyar layi da shi a buɗe zuwa gidan ƙanwata. Amma daɗin da na yi shekaru ina hange bai zo ba. Duk ranar da suka fita ina zaryar bakin titi har sai sun dawo. Na riƙa zuba masa rubutu a gorar ruwansa a ɓoye, ina ba da sadakar ƙosai, ina neman Allah ya rufa mini asirin da ni na san yadda zan gyara da bakina.

Ranar kasuwar Urafane abin ya faru, bayan la'asar. Ban gani ba, waɗanda suke wurin suka ba ni labari. Sun ɗauko wake, ƴan kasuwa suna zaune a saman buhuna kamar yadda aka saba. Kusa da wani ƙauye maigida ya ƙame, ƙafarsa a kan totur, motar ta nufi amalanken jaki cike da mata masu komawa gida. Mijin ƙanwata ya yi masa magana, ya dubi idonsa, ya gane. Ya faɗa kan sitiyari ya fizgo shi wajensa. A gefen nan akwai wani babban gawo, kuma ya gan shi, ya san ɓangarensa ne zai daka. Mutanen sama suka zube a rairayi, wasu suka karye, amma Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Matan amalanken ko ƙwarzane ba su yi ba. Maigida ya farfaɗo da ɗan tsaga a goshi yana tambayar me ya sa suka tsaya. Mijin ƙanwata kuwa ƙarfe ya danne masa ƙafar dama, a Maradi aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

An tabbatar da farfaɗiya ce, aka karɓe permin babbar mota, aka ɗora maigida a kan maganin da yake sha kullum. Tun da ya fara shan maganin ludayinsa bai sake tsayawa a hanya ba, wato da na faɗa tun ranar kunun nan, da tuni ya samu sauƙi. Maigida ya yi kuka a bakin gadon mijin ƙanwata yana neman gafara, shi kuma yana ce masa baba ai ba ka sani ba, wa zai kama mutum da abin da bai sani ba. Ƙanwata ta rungume ni tana ba ni haƙuri, wai gidajenmu biyu aka jarraba. Na haɗu da likitan a baranda, ya gaishe ni ya wuce, bai tambaye ni komai ba. Bayan wasu watanni maigida yana shan kunu sai ya ajiye ludayi, ya ce ya daɗe yana tunanin wata kaza da ta taɓa ture masa kwano, alhali a waccan shekarar annoba ta kashe mana kaji duka. Na faɗa masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce da na gaya masa, da hannunsa zai jefa makullin a rijiya. Bai sake ni ba, bai zage ni ba. Ya ce gaya wa ƙanwata kuma nauyina ne, ba zai ɗaukar mini ba. Har yau ban iya ba.

Ga abin da nake roƙon matan direbobi da iyayensu da duk mai zaune da wanda ya taɓa irin wannan faɗuwa. In likita ya tambaye ku, ku faɗi abin da kuka gani, ko da abincin gidan ne zai ragu. Dokar nan ba don a wulaƙanta kowa aka yi ta ba. Farfaɗiya ciwo ne mai magani, mai ita yana noma, yana kasuwa, yana riƙe gidansa, babbar mota ce kawai ba tasa ba. Kuma in kun ji zuciyarku tana zafi don ɗan'uwanku ya samu, kada ku raina wannan zafin kamar yadda na raina nawa. Ni na ɗauka iyakarsa tsaki da ƙin cin taliya.

An gyara motar, an ba wani baƙo daga wajen Mayahi, kuma ƴan kasuwa sun sa shi ya riƙe tsohuwar odar. Yanzu ni da ƙanwata muna soya awara tare a ƙofar gidanta, don firijin ya tafi wajen jinya. Mijinta yana zaune a gefe da sandarsa yana gyaran takalma. Idan motar ta shigo gari ta yi kukanta, doguwa guda da gajeru a jere, kanmu yakan ɗaga tare, ni da ita. Sai ta dube ni ta yi ɗan murmushi, ta ce Yaya mu yi haƙuri, don ta ɗauka rashi ɗaya muke ji. Abin da na roƙa ke nan, kada ta fi ni, kuma an ba ni.